Kududdufan bakin teku a Ghana da kiwon halittunsu a gida

Gaɓar tekun Ghana tana da tsawon kimanin kilomita 550. Galibinta rairayi ne, amma akwai wuraren da duwatsu suka kutsa cikin ruwa, kamar kewayen Elmina, Dixcove da Cape Three Points. A nan ne ake samun kududdufan da teku ke bari cikin ramukan dutse idan ya janye.

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa mai bin lissafin watan Musulunci ba ya shan wahalar gane ranakun da suka dace: ruwa ya fi janyewa a farkon wata da kuma wajen 14 ko 15 ga wata. Abin da ake tararwa ya haɗa da ƙananan kifaye masu maƙalewa jikin dutse, jatan lande, katantanwa, ƙaguwa mai fakewa cikin ɓawon katantanwa, da bushiyar teku, wadda ƙayarta kan karye cikin tafin ƙafa. Ba wurin shiga babu takalmi ba ne.

Kama su ba wuya. Wuyar tana ga rayar da su, musamman ga mazaunin Aboabo, tunda Kumasi tana da nisan kusan kilomita 250 daga Accra. Awa biyar ko shida cikin mota, a bokiti mai zafi da ba iska, sun isa su kashe rabin abin da aka ɗebo. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma gishirin miya ba ya maye gurbinsa, domin akwai wasu sinadarai da dama a ciki. Ko dai a zo da ruwan a jarka, ko a sayi gishirin da aka haɗa musamman don haka. Ruwan famfo kuwa yana da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke kashe kifi ma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Kashin kifi yana zama guba a cikin tankin gilashi, sai wasu ƙwayoyin halitta sun hayayyafa jikin yashi da duwatsu kafin su riƙa narkar da ita, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishirin bai je ko'ina ba. Sai kuma dumsor: injin iska ya tsaya dare ɗaya, da safe a kwashe gawa.

Dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake, domin abin da ke ƙarƙashinsa rana tana kashe shi. Kunkurun teku da ƙwansa kuma dokar kare namun daji ta Ghana ta hana taɓa su, kuma a ƙauyukan masunta ya kamata baƙo ya fara neman izinin shugaban masunta.

Ga mai farawa a Kumasi, kifin ruwan daɗi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tafkin Bosomtwe, mai nisan kusan kilomita 30 daga birnin, yana da dangin karfasa da ba sa buƙatar gishiri ko doguwar tafiya.