Hammer: Shekara 90 Na Gidan Da Ya Raya Dracula

A 2024 kamfanin fina-finai na Hammer da ke Ingila ya cika shekara 90, kuma duk mai son fim ɗin ban tsoro akwai bashin godiya a wuyansa. William Hinds, mai sayar da kayan ado da ke taɓa wasan barkwanci da sunan Will Hammer, shi ya kafa shi a 1934. Ya haɗa gwiwa da Enrique Carreras, daga baya 'ya'yansu, Anthony Hinds da James Carreras, suka karɓi ragama. Faɗuwar kasuwar fim ta durƙusar da kamfanin a 1937, aka farfaɗo da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Arzikin Hammer ya buɗe ne da aka tare a Down Place, wani tsohon gida a bakin kogin Thames, wanda ya zama Bray Studios. Wurin ƙarami ne, kuɗi ma kaɗan, amma akwai masu hannu. A 1957 Terence Fisher ya ba da umarnin The Curse of Frankenstein mai kala, jini ya fito jawur a majigi. Kamfanin Universal na Amurka ke da haƙƙin tsohuwar fuskar dodon, don haka mai kwalliya Phil Leakey ya ƙera wa ɗan wasa Christopher Lee wata sabuwa, mai ɗinki da tabo.

A ganina gwarzon gidan shi ne Bernard Robinson, mai tsara wurin ɗauka. Da katako da filasta da fenti yake tayar da fada. In an gama sai ya juya matakala, ya sauya labule, ya matsar da ginshiƙi, ta koma wani gida dabam. Ƙauye ɗaya ya ishi The Plague of the Zombies da The Reptile a 1966, kuma mai kallo da wuya ya gane. Mai kwalliya Roy Ashton kuwa shi ya mayar da ɗan wasa Oliver Reed kyarkeci a 1961. A 1968 kamfanin ya samu lambar yabo ta Sarauniya saboda kuɗin da ya jawo wa Ingila daga waje.

Bayan barin Bray, zamani ya juya, kuɗin Amurkawa ya janye, aikin fim ya tsaya a 1979. An dawo fage a 2007, The Woman in Black na 2012 ya samu kasuwa sosai.

Mai karatu, musamman mai shirya fim da ƙaramin jari, nemi Dracula na 1958 ka kalla sau biyu. A karo na biyu bar 'yan wasan, ka zuba wa bango da matakala da labule ido.