Idon Amarya da Aikin Wuyan Riga

Lokacin da na fara rataya kyamara, Gombe tana ƙarƙashin Bauchi. Sai a 1996 muka samu jiha. Yashica FX-3 ce a wuyana, kuma da hannu ake saiti. Akwai 'yar da'ira a tsakiyar mahangin, rabe biyu: ka yi ta murɗa gilashi har bakin hular mutum ya haɗe ya zama layi ɗaya, sannan ka danna. Fim ɗaya hoto 36 ne, ba a wasa da shi.

Tun 1985 Minolta ta fitar da 7000 mai saita kanta, Canon ta biyo da EOS a 1987, amma sun daɗe ba su iso hannun irinmu ba. Da suka iso, ban taɓa jin mai hoto ya ce sun kuskure ba. To ina za a gani? Ƙaramin kati ake wankewa, a miƙa wa mai shi a bakin ɗakin taro.

Dijital ce ta tona asiri. Ranar da na buɗe hoton wani biki na unguwar Jekadafari a kwamfuta, na ja shi ya cika fuskar allo, gabana ya faɗi: aikin wuyan rigar ango raɗau, zare-zare, idon amarya kuwa dishi-dishi. Abokan sana'a suka ce ai kyamarorin yanzu ba su kai na da ba. Ban yarda ba. A duka biyun masu saita kansu, ta fim da ta dijital, abin da ke auna nisa yana can ƙasa, ƙaramin madubi ne ke tura masa haske. In madubin ya goce kaɗan, saiti ya sauka gaba ko baya. Fim da ƙaramin kati ne suka yi ta rufa mana asiri. Kamfanonin ma sun gane: a 2007 Nikon D300 ta zo da wurin gyara wannan gociyar, gilashi-gilashi.

Ga kuma halin na'urar. Inda fari da baƙi suka haɗu take kamawa. A hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, cikin ƙura, sai ta bar fuskar mahayi ta cafke adon linzami. Shi ya sa nake hana yaran shagona barin kyamara ta zaɓi ɗigon saiti da kanta.

"Ɗigon tsakiya kawai. Ɗora shi a ido, riƙe madanni rabi, sannan ka gyara tsayuwa."

"Oga, ai za ta yi da kanta."

Za ta yi. Amma amaryar yanzu da yatsu biyu take buɗe hotonta a waya, tun ba ka bar gidan ba.