Yadda Addu'ar Safe Ta Kafu a Godogodo da Kewayenta

A Godogodo, can cikin ƙaramar hukumar Jama'a kusa da Gidan Waya, akan ji ƙararrawar majami'a tun kafin manomi ya saɓa fartanya, kafin ɗan acaɓa ya tayar da babur. Masu fitowa ba su da yawa, galibi mata ne da dattawa. A yi waƙa ɗaya ko biyu, a karanta ƴan ayoyi, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Kiristocin kudancin Kaduna da dama za su gaya maka cewa a wannan ɗan lokaci suke samun kwanciyar ran da ke kai su har faɗuwar rana. Al'adar ba ta wuce shekara ɗari da ɗoriya ba a wannan ƙasa, kuma wahalar aiki ce ta raine ta.

Tushenta yana wajen mishan na SIM. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara arewa. Shekara na zagayowa biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku da ke cikin jihar Kaduna ta yau. Bingham ya dage har aka buɗe tashar Patigi a 1902, ta Kwoi a 1910, daga baya ta Kagoro. Turawan nan sun taso da horon keɓe sa'ar farko ta yini domin karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a, suna kafa hujja da labarin da ke cikin Markus sura ta 1, inda Yesu ya tashi da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. Abin da suka fara koya wa yaran gidansu da almajiransu ke nan.

Sai dai da a hannun Turawa abin ya tsaya, da ya tafi tare da su. Abin da ya kafa shi shi ne sauyin da ya afka wa rayuwar mutane a daidai wannan zamani. A 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a Kafanchan, garin ya cika da leburori da ma'aikatan jirgi. Godogodo kuwa kuza ce ta raya ta. Mutumin da a da rana da damina ke tsara masa aiki, yanzu ya koma ƙarƙashin agogo da helima, ga haraji yana jiransa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma da ƙarfi gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa kwasar mutane zuwa haƙar kuza. A irin wannan zama, asuba kaɗai ce ba ta hannun kamfani, ba ta hannun mai karɓar haraji. A ganina shi ya sa sababbin masu bi suka riƙe ta da hannu biyu.

Barikin kuza ya tara masu harsuna iri-iri, Hausa ce ta haɗa su. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi wa hidima shekaru masu yawa, sai ƙabilun Bajju da Ham da Ninzo suka sami littafi ɗaya da waƙoƙi ɗaya. Shekara guda kafin nan aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro. Masu bisharar da ta yaye su ne ainihin maginan wannan al'ada, ko da yake sunayen yawancinsu ba su shiga littafi ba. Mai bishara manomi ne kamar kowa. Da asuba ya tara mutane a ɗakin ciyawa, da hantsi yana gonarsa, da yamma ya koya wa manya karatu domin kowa ya iya buɗe Zabura da kansa. Lokacin da ikkilisiyoyin SIM suka zama ECWA a 1954, addu'ar safe ta riga ta zama ta ƴan ƙasa. Daga baya littafin karatun kullum, Abincin Yini, ya kai ta cikin gidaje, Zumuntar Mata kuma ta ɗauki nauyinta fiye da kowa. Katolika suna da tasu hanya ta sujadar safe da jan rosari, wadda ta ƙara ƙarfi bayan kafa Dayosis na Kafanchan a 1995 ƙarƙashin Bishop Joseph Bagobiri.

Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, jirgin ƙasa ya yi rauni, rikicin Kafanchan na 1987 ya bar tabo. A watan Oktoba na 2016 ƴan bindiga suka afka wa Godogodo, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje, da yawa suka gudu Kafanchan. Waɗanda suka koma sun sake gina gidaje da majami'u, ƙararrawa ta ci gaba da kaɗawa.

Abin da ya fi damuna yau daga cikin gida yake. Ikkilisiya kanta ta zama wurin hada-hada: taro kan taro, kwanan addu'a da lasifika har gari ya waye, tara kuɗin gini ba hutu. Matar da ta wuni a gonar citta ta kwana a taro, ina za ta sami ƙarfin fitowa da asuba? Matasa kuma waya ce farkon abin da hannunsu ke taɓawa. Ina roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya su rage yawan taruka, su kashe lasifika da asuba, su bar wa talaka rabin sa'ar nan da kakanninsa suka ƙwato daga hannun kamfanin kuza.