Tarihin Louis da Zélie Martin, mai agogo da mai leshi

Tarihinmu na yau daga Faransa ya fito, labarin wani miji da mata ƴan Katolika. Ko kai Kirista ne ko Musulmi, in dai kana da iyali, tsaya ka ji.

A garin Alençon aka yi su. Louis Martin mai gyaran agogo ne, ita kuwa Zélie Guérin leshi take saƙawa da allura, sana'ar da garin ya yi suna a kanta. Abin mamaki, dukansu biyu ba aure suka so ba tun farko. Louis ya nemi shiga gidan masu zuhudu, aka mayar da shi don bai iya Latin ba. Ita ma Zélie ta nemi zama sista, ba a karɓe ta ba. A 1858 suka gamu kan wata gada, bayan wata uku aka ɗaura aure, ranar 13 ga Yuli. Yana da shekara 34, tana da 26.

To, yaya zaman nasu ya kasance? Kullum ƙarfe biyar da rabi na asuba suna coci. Ran Lahadi Louis ba ya buɗe kanti, ko da ciniki zai wuce shi. Da sana'ar matar ta bunƙasa har ta ɗauki ma'aikata, sai ya sayar da kantinsa a 1870 ya koma yana riƙe mata lissafi, yana nemo mata masu saye. Maza, kun ji fa. Bai ga wannan a matsayin faɗuwar girma ba.

Amma gidan bai rasa kuka ba. Ƴaƴa tara suka haifa, huɗu suka rasu tsakanin 1867 da 1870: jarirai uku, da Hélène mai shekara biyar. Duk uwar da ta taɓa binne ɗa ta san abin da ake nufi. Wasiƙun Zélie sama da 200 suna nan har yau, kuma a cikinsu ba ta ɓoye gajiya da tsoro ba. Ga kuma Léonie, ƴarsu ta uku, mai yawan ciwo da taurin kai, wadda ta fi kowa ba ta wahala. Daga baya ne aka gano mai aikin gidan ce ke gallaza wa yarinyar a ɓoye. Ashe ko a gidan masu ibada, uwa na iya makara wajen gane abin da ke cin ɗanta.

Ranar 28 ga Agusta 1877 ciwon dajin nono ya ɗauke Zélie tana da shekara 45. Autarsu Thérèse ba ta cika shekara biyar ba. Louis bai sake aure ba. Ya kwashe ƴaƴansa mata biyar zuwa Lisieux, kusa da kawunsu, don su samu dangin uwa. Can ya ci gaba da renonsu: hira da waƙa da dare, sannan addu'a tare kafin barci.

Da tsufa ya zo, ciwo ya taɓa masa hankali, ya yi shekara uku a asibiti a Caen. Da ya fito, ƴarsa Céline ta yi jinyarsa har ya rasu a 1894. Ƴaƴan biyar duka sun zama sistoci, har da Léonie, wadda sai da ta shiga ta fito sau uku kafin ta zauna. Autar ita ce Thérèse ta Lisieux, waliyyiyar da Katolika suka sani ko'ina a duniya.

Ranar 18 ga Oktoba 2015, Paparoma Francis ya sa Louis da Zélie cikin waliyyai, karo na farko da aka yi wa miji da mata haka tare. Ba su gina coci ba, ba su yi wa'azi a dandali ba. Abin da aka duba shi ne shekara 19 na aure, da yadda suka riƙe juna ranar jana'iza kamar yadda suka riƙe juna ranar biki. Imanin da yaran suka ɗauka, a tsakar gida suka gan shi.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ji ƙan iyayenmu.