Digiri na biyu: tsakanin sunan jami'a da wurin da take

Ɗalibin da ya kammala digiri na farko a Zinder, Marwa ko N'Djamena kan tsaya gaban tambaya ɗaya: ya nemi jami'ar da sunanta ya yi nisa, ko wadda wurinta ya dace da aljihunsa da harshensa da aikin da yake hange? Ga muhimman abubuwan da ake aunawa.

Amincewa da takardar shaida

Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin CAMES, majalisar kula da ilimi mai zurfi da aka kafa a Yamai a 1968, wadda hedikwatarta ke Wagadugu. Jami'o'in waɗannan ƙasashe na bin tsarin LMD: shekara 3 ta digiri na farko, 2 ta na biyu, 3 ta digirin digirgir. Najeriya da Ghana ba sa cikin CAMES. Don haka wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da aka buɗe a 1962, duk da girman sunanta, zai nemi takardar daidaita shaida idan ya koma gida neman aikin gwamnati ko koyarwa.

Harshe

Bahaushen Maraɗi ba baƙo ba ne a Kano: kasuwa, masallaci da gidan haya duk da Hausa ake yi. Amma kundin bincike da Ingilishi ake rubuta shi, kuma wanda ya taso da Faransanci kan ɓatar da watanni kafin hannunsa ya faɗa. A Dakar akasin haka ne: aji da sauƙi, gari da baƙunta.

Kuɗi

A 2019 Faransa ta ƙara kuɗin rajistar digiri na biyu ga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa Yuro 3,770 a shekara, kusan sefa miliyan biyu da rabi, kodayake jami'o'i da dama sun yafe ƙarin. Wannan ban da haya da abinci da tikitin jirgi. Jami'a ta kusa kan bar wa ɗalibi damar riƙe sana'arsa da kula da iyalinsa.

Ko za a kai ƙarshe?

Suna ba ya kare karatu daga tsaiko. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 ya ɗauki wata takwas. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗaliban Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, iyakar Nijar da Najeriya kuma ta kasance a rufe har Maris ɗin 2024.

Sunan sashe ya fi sunan jami'a

Martaba ta gaskiya tana ga fanni. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai ta shahara kan yanayi da noma a Sahel, 2iE ta Wagadugu kan injiniyancin ruwa da muhalli, EISMV ta Dakar kan likitancin dabbobi, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da cibiyar binciken noma a busassun yankuna. A waɗannan fannoni, na kusa na iya zama mafi nagarta.

Ma'auni

Ga mai son aiki da zarar ya gama, wuri ya fi nauyi, domin a nan zai yi aikin gwaji ya san masu ɗaukar ma'aikata. Ga mai nufin digirgir da koyarwa, malamin da zai duba kundinsa, ɗakin gwaji da tallafin karatu su ne gaba, ko da tafiyar ta yi nisa. Kafin biyan ko sisi, ya kamata ɗalibi ya tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarsa ko ta amince da shaidar, sannan ya nemi waɗanda suka gama a sashen ya ji shekara nawa suka ɗauka.