Jitar Bes: Tarihin Kayan Kiɗan Da Wahalar Makaɗa Ta Haifa

Idan ƙungiyar makaɗan zamani ta hau dandamali, idon jama'a yakan tafi wurin mawaƙi ne, sa'an nan wurin mai jitar da ke lanƙwasa tsirkiya yana sa 'yan kallo ihu. Can baya kuwa, kusa da mai ganguna, akwai wani mutum tsaye riƙe da wata jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wanda da wuya ka ji an ambaci sunansa. Amma da zai ɗauke hannunsa na minti ɗaya, sai ka ga masu rawa sun tsaya cirko-cirko, ba su ma san abin da ya ɓace musu ba. Wannan jita ita ake kira bes, kuma shekarunta a duniya ba su kai ɗari ba. Matsalolin makaɗa masu yawon neman abinci daga wannan gidan rawa zuwa wancan su ne suka haife ta, su ne kuma suka yi ta sauya mata kamanni har zuwa yau.

Kafin zuwanta, abin da ke ba da wannan murya ta ƙasa a ƙungiyoyin kiɗan Amurka shi ne wani ƙaton goge na Turawa, wanda tsayinsa ya kai na cikakken namiji. A tsaye ake kaɗa shi, an jingina shi da jiki. Yana da daɗin sauti, amma yana da aibu uku a wurin mai yawon kiɗa. Girmansa ya sa ba ya shiga ƙaramar mota, sai dai a ɗaure shi a bisa, ruwa da rana su yi ta dukansa. Wuyansa sumul yake ba wata alama, saboda haka sai mutum ya shekara da shekaru yana koyo kafin yatsansa ya san inda kowace murya take. Aibu na uku ya fi sauran tsanani: ba a jin sa. Ganguna sun ƙara ƙarfi, ƙahonni na busa, jita ta sami lantarki tun cikin shekarun 1930, shi kuwa mai ƙaton goge yana ta jan tsirkiya har yatsunsa su yi bororo, amma wanda ke bayan zaure sai dai ya ga motsin hannunsa.

Wanda ya fara neman mafita shi ne Paul Tutmarc, wani makaɗi kuma malamin kiɗa a birnin Seattle. A tsakiyar shekarun 1930 ya ƙera wata jita mai tsirkiya huɗu da ake ratayawa a kafaɗa, mai aiki da lantarki, ya sayar da ita da sunan kamfaninsa Audiovox. Kaɗan aka ƙera, kasuwa ba ta karɓa ba, har aka kusa mantawa da shi. A New York kuma wani mai kaɗa ƙaton goge, Everett Hull, ya bi wata hanyar daban a shekarun 1940: ya cusa abin ɗaukar sauti cikin sandar da gogen ke tsayawa a kai, ya haɗa da amfilifaya. Daga wannan dabara ne kamfanin Ampeg ya samo sunansa. Dabarar ta rage matsalar ji, amma ƙaton goge yana nan a bisa mota.

Sai shekarar 1951, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Leo Fender mai gyaran rediyo ne tun asali, bai ma iya kaɗa jita ba, amma yana da wata baiwa da ta fi iya kiɗa amfani a sana'arsa, wato sauraron koke-koken masu zuwa shagonsa. A lokacin nan manyan ƙungiyoyi masu mutum goma sha biyar ko fiye suna ta rushewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin masu gidajen rawa ba za su iya biyansu ba. Ƙananan ƙungiyoyi na mutum huɗu ko biyar suka maye gurbinsu, kuma a irin wannan ƙungiya wanda ya iya kayan kiɗa biyu ya fi saurin samun aiki. Fender ya yi tunanin ƙera abin da kowane mai jita zai ɗauka yau, gobe ya fita da shi neman kuɗi. Ya yanka gangar jikinta daga dunƙulallen katako, ya ɗaure wuyan da kusoshi huɗu yadda idan ya lalace za a kwance a sa wani, ya sa tsawon tsirkiya inci 34, ya jera ƙananan ƙarafa 20 a kan wuyan kamar na jita. Waɗannan ƙarafa su ne asirin sunan da ya raɗa mata, Precision Bass, wato mai daidaito, domin duk inda ka danna tsakanin ƙarfe da ƙarfe muryar za ta fito daidai. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ya dasa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke mai da girgizar tsirkiya zuwa lantarki.

Tsofaffin hannu sun raina ta, suna ganin abin wasan yara ne. Lionel Hampton, shugaban wata shahararriyar ƙungiyar jaz, shi ne ya ga amfaninta da wuri, ya sa mai bes ɗinsa Monk Montgomery ya riƙe ta, har suka zaga Turai da ita a 1953. A 1957 Bill Black, mai yi wa Elvis Presley kiɗa, ya kaɗa ta a faifan "Jailhouse Rock". A wannan shekara ce Fender ya sake fasalinta, ya raba maganaɗisun gida biyu don ya kashe ƙugin da wutar lantarki ke jawowa. A 1960 ya fito da ƙanwarta, Jazz Bass, mai siririn wuya da maganaɗisu biyu. Cikin shekara goma ƙaton goge ya koma hannun masu jaz da makaɗan gargajiyar Turai, har aka daɗe a Amurka ana kiran kowace jitar bes da sunan Fender ko da wani kamfanin ne ya ƙera ta.

To, amma mai karatu ya lura, jitar bes ita kaɗai ba ta da murya. Idan ba a haɗa ta da amfilifaya da lasifika ba, ko mutumin da ke gefenka da ƙyar zai ji ta. A nan ne wahalar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana girgiza sau 41 ne kacal a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba ya kama irin wannan sauti da sauƙi, kuma kafin lasifika ta fitar da shi sai ta ture iska mai yawa. Shi ya sa mai bes yake bukatar ƙarfin wuta ninkin-ba-ninkin abin da mai jita ke bukata kafin a ji su daidai. Amfilifayar farko da Fender ya yi mata a 1952, mai suna Bassman, wat 26 gare ta da lasifika ɗaya mai faɗin inci 15. Abin dariya, da aka gyara ta aka sa mata lasifika huɗu, masu jita ne suka ƙwace ta, har Jim Marshall na Landan ya kwaikwayi tsarinta a 1962 ya kafa nasa sunan. Ampeg ya fitar da B-15 a 1960, wadda ake kifa kanta cikin akwatin lasifika idan za a yi tafiya, ta kuwa zama abokiyar masu wasa a ƙananan wurare da ɗakunan ɗaukar sauti. Da kiɗa ya fita zuwa filayen ƙwallo, sai kamfanin ya fito da SVT a 1969, mai wat 300, wadda ƙungiyar Rolling Stones ta zaga Amurka da ita a wannan shekara. Kanta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinta mai lasifika takwas ya haura kilo 60, makaɗa suna kiransa firji. Mutumin da aka raba da ɗaukar ƙaton goge sai ga shi yana hawa bene da abin da ya ninka gogen nauyi sau da yawa, da ƙarfe uku na dare, bayan mawaƙi ya daɗe da tafiya gida.

Kayan aiki dai sun samu, saura wanda zai nuna abin da za a iya yi da su. A ganina babu wanda ya kai James Jamerson cancantar a tsaya a kansa. An haife shi a 1936 a jihar Karolina ta Kudu, ya tashi zuwa Detroit yana saurayi, ya fara da ƙaton goge a gidajen rawa na birnin. Lokacin da Berry Gordy ya kafa kamfanin faifai na Motown a 1959, Jamerson yana cikin makaɗan da aka tara a ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin, waɗanda suka kira kansu Funk Brothers. Da rana su yi wa mawaƙan kamfani kiɗa, da dare su koma gidajen rawa su yi jaz, abin da suka gwada da dare kuma ya ɓullo cikin faifan gobe. Kafin shi, aikin mai bes bai wuce ya buga tushen kowace gaɓa ya jira ta gaba ba. Jamerson ya mai da layin bes wata waƙa ta biyu da ke tafiya ƙarƙashin ta mawaƙi, tana ratsawa, tana jinkirtawa, tana faɗowa inda ba a zata ba, amma ba ta taɓa sakin ƙafar mai rawa. Wanda ya saurari farkon "My Girl" na 1964 ko "Bernadette" na 1967 ya ji hannunsa. Kuma da yatsa ɗaya yake yin wannan duka, manuniyar hannun dama, a kan Precision ƙirar 1962, mai tsirkiyoyi masu santsi da ba ya sauyawa sai in sun tsinke, da ɗan soso a gindinsu don ya rage tsawon amo.

Duk tsawon shekarun 1960 Motown ba ya rubuta sunayen makaɗansa a bangon faifai. Matasa a Ingila da sauran ƙasashe suna ta kwaikwayon wani mutum da ba su san sunansa ba, cikinsu har da Paul McCartney na Beatles, wanda daga baya ya sha faɗin irin tasirin da ya yi masa. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna "What's Going On", aka buga sunan Jamerson. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin ya kwashe kayansa ya koma Los Angeles. Jamerson ya bi su, amma zamani ya juya. Tun 1966 kamfanin Rotosound na Ingila, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, ya fito da tsirkiya mai kaushi da ke ba da sauti mai kaifi. Larry Graham, wanda ya koyi dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgarta da manuniya saboda shi da mahaifiyarsa suna wasa babu mai ganga, ya sa duniya ta koma son wannan salo tun daga 1969. Masu shirya faifai suka ce wa Jamerson ya sauya tsirkiya, ya ƙi. Aiki ya ja baya, giya ta ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Agusta na 1983 yana da shekara 47. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa aka sace jitar tasa, kuma ba a dawo wa iyalinsa da ita ba. Littafin da Allan Slutsky ya rubuta a kansa a 1989, da fim ɗin da aka yi daga littafin a 2002, su suka sanar da yawancin mutane ko wane ne shi. Marubuci ɗaya ya yi masa abin da kamfanin da ya ci moriyarsa bai yi ba.

Ba shi kaɗai ya gamu da irin wannan ba. Aston Barrett, wanda ake wa laƙabi da Family Man, shi ne ƙashin bayan kiɗan Bob Marley, a salon rege inda bes ke gaba sauran kaya na biye. A 2006 ya kai ƙara wata kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa, ya sha kaye.

Nan gida Afirka, jitar bes ta sami wurin zama tun shekarun 1960. Da James Brown ya zo Legas a ƙarshen 1970, mai bes ɗinsa Bootsy Collins, ɗan shekara 19, ya je gidan rawan Fela Kuti ya ga abin da ya daɗe yana ba da labari. A kiɗan Fela, mai bes yakan riƙe gajeriyar jimla ɗaya ya yi ta maimaita ta minti goma sha biyar ko fiye ba tare da ya karkace ba, Tony Allen yana zagaye ta da ganguna, aikin da ya fi gudun yatsa wuya ga wanda ya taɓa gwadawa. Sai dai a yawancin ƙungiyoyin Legas na wancan zamani, kayan kiɗan na shugaban ƙungiya ne, saboda tsadarsu. Makaɗin da ya yi faɗa da maigida yakan fita hannu rabbana, ba jita ba amfilifaya. Daga baya Kamaru ta yi suna wajen fitar da gwanayen bes irin su Richard Bona, shi kuma Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa bes marar ƙarafan wuya a faifan "Graceland" na Paul Simon a 1986, salon da Jaco Pastorius ya yayata shekara goma kafin nan bayan ya cire ƙarafan tasa jitar da hannunsa.

A shekarun 1980 wata barazana ta taso daga fiyano mai lantarki, wanda ke iya fitar da muryar bes har ƙasa da inda tsirkiya huɗu ke kaiwa. Masu ƙera jita suka amsa da ƙara tsirkiya ta biyar, mai girgiza kusan sau 31 a daƙiƙa. A wasu wuraren kuwa fiyanon ne ya ci kasuwar baki ɗaya. Waƙoƙin finafinan Hausa da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1990 a kan fiyanon Yamaha aka gina su, mutum ɗaya a situdiyo yana fitar da ganga da bes da sarewa daga akwati guda.

Matsalar nauyi kuwa sai bayan shekara ta 2000 aka shawo kanta, lokacin da kamfanoni irin su Markbass na Italiya suka fara sayar da amfilifaya mai wat 500 wadda ba ta kai kilo 3 ba, da lasifika mai maganaɗisu marar nauyi. A manyan wurare ma mai bes yakan haɗa jitarsa kai tsaye da na'urar sautin zauren ta wani ɗan akwati da ke shiga jaka, ya saurari kansa ta abin kunne. Ita kuwa Precision, kamfanin Fender na ci gaba da ƙera ta da tsawon inci 34 da maganaɗisu mai gida biyu, kamar yadda Leo Fender ya bar ta a 1957.