Daga Maɗi Zuwa Siro: Tarihin Abin Shan Bazara a Ƙasar Damagaram

Daga ƙarshen watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, zafin rana a ƙasar Damagaram yakan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne kasuwar masu abin sha take buɗewa. A tasha, a ƙofar makaranta, a inuwar da ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja, ba a rasa yarinya da kula a ka, cike da ƙullin zoɓo da ruwan tsamiya da lemun citta, dala biyar-biyar ko goma-goma. Haka abin yake a Zinder, haka yake a Mirriya, haka kuma a Guna da ƙauyukanta, kudu maso gabas da birnin. Wanda ya tashi ya tarar da wannan zai ɗauka sana'ar tare da firigo da buhun sukari ta zo. Alhali tun kafin a san su biyun, matan wannan ƙasa sun iya tatso zaƙi daga ƴaƴan itace, su dafa shi har ya yi kauri, su ajiye don ranar ƙishirwa.

Yanayin ƙasar ne ya koya musu. Zinder kanta bisa duwatsu take zaune, ƙarancin ruwanta kuma sananne ne. Amma da an gangara kudu zuwa kwarin Ƙorama, wajen Guna da Dogo da Washa da Bande, ruwa yana kusa da doron ƙasa. Nan ne tsohuwar ƙasar Tsotsebaki, wadda sarautunta, irin su Mirriya da Washa da Dungas, suka girmi Damagaram kafin ta haɗiye su a ƙarni na 19. A fadamu akwai rake da lemun tsami da goruba da giginya, a gabas kuma Gidimuni na da dabino. A kan tudu ga tsamiya da kuka da aduwa da magarya, ga kanya da ɗinya inda ƙasa ke da laima. Kowace da lokacinta: ɗinya da kaka, magarya da kanya da tsamiya cikin ɗari, danya a bakin damina. Yawancinsu sun gama nuna kafin bazara ta kankama, wato kafin lokacin da aka fi bukatarsu. Saboda haka sai an san dabarar ajiya.

Babbar dabarar ita ce maɗi. Idan ɗinya ta nuna ta yi baƙi ƙirin, mata da yara kan tsinto ta kwando-kwando. A wanke ta, a zuba a turmi a kirɓa a hankali don kada ƙwallon ya fashe. Sai a samo kwando, ko tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa ciyawa mai tsabta a ciki, a juye ɗinyar, a ɗora bisa wata tukunyar, a riƙa zuba ruwa yana tsiyaya. Abin da ya taru a ƙasa akan sake mayar da shi sama, sau biyu ko uku, har sai ya kwashe zaƙin da ya rage. Daga nan sai murhu. Wuni guda tukunya na tafasa, mai aikin na tsaye a kai da ludayi tana kwashe kumfa, tana rage wuta idan ya taso, domin da ya kama gindi sai ɗaci, aikin ya ɓaci ke nan. Can wajen la'asar, ruwan da ya cika tukunya ya koma ɗan kaɗan, baƙi mai sheƙi, yana bin ludayi. Takan ɗiga shi cikin ruwan sanyi ta gani: in ya watse da saura, in ya tsaya ya yi. A bar shi ya huce, a ɗura a gora ko ƙaramin tulu, a liƙe baki.

Maɗin nan yakan yi watanni bai lalace ba. Ranar da baƙo ya zo cikin zafi, a ɗebi ludayi guda a dama da ruwan randa, an sami abin tarbarsa. Ana zuba shi a fura da kunu, ana cuɗa gumba da shi. In kuma aka ci gaba da dafawa har ya daskare, aka yi ta jan sa ana ninkewa, ya zama alewa. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa ya buga a 1916, ya ambaci maɗi da alewa cikin amfanin ɗinya. Akan yi shi kuma da kanya, da ruwan rake, da na takanɗa. Zuma ta fi su duka daraja, amma sai an ɗaura amya an jira, ga tsada. Maɗi shi ne zumar talaka.

Tsamiya ita ba ta bukatar wuta. A kaɗo ta, a ɓare, a cure ta dunƙule-dunƙule, a jefa a tukunya ko a rataye a ɗaki, sai ta shekara. Duk ranar da ake so a gutsuri kaɗan a jiƙa, a murje, a tace. Da wannan ruwa ake dama kunun tsamiya, wanda har gobe shi ne sarkin buɗa-baki a gidajen Damagaram, da shi kuma akan tsinka farau-farau a kai wa masu aikin gona. Fatake ma ba sa barin ta a guzuri, don tana gyara ɗanɗanon ruwan rijiyar hanya. Garin kuka da ɓawon goruba su ma jiƙo ake yi da su, na kukar har da nono akan haɗa.

Sanyayawa kuwa aikin randa ne. Maginan tukwane na Mirriya sun yi suna wajen tuluna da randuna, waɗanda har yau ake kaiwa kasuwarsu ta Lahadi da kasuwar Dole ta Zinder. Akan girke randa a inuwa bisa jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da faifai, a kifa moɗa a kai. Yumɓun yana tsattsafo da ruwa ta jikinsa, busasshiyar iska ta ɗauke shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a lokacin da iska ta fi bushewa. Matafiya da salka suke samun irin wannan sanyi.

Zaƙi da tsami daga gida suke. Ƙamshi kuwa hanyar fatauci ce ta kawo shi. Tun da Sarki Sulaimanu ya mayar da gadon sarauta Zinder a farkon ƙarni na 19, garin ya zama mahaɗar hanyoyi: ta Agadas zuwa Gat da Tarabulus, ta Kano, da ta Kukawa a Barno. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa, ya rasu a 1884, unguwar Zango ta cika da Larabawa da Buzaye da raƙumansu. Turawa masu yawon bincike ma sun zo: James Richardson ya sauka garin a watan Janairun 1851, Heinrich Barth kuma a ƙarshen 1852. Cikin kayan da Barth ya lissafa ana shigowa da su Kano daga arewa akwai sukari da kanumfari. Shi kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, kafin Zanzibar ta zama babbar gonarsa a wancan ƙarni. Masoro da kimba da citta mai ƙwaya daga kurmi suke zuwa, a bayan jakunan fataken goro. Gishiri da dabino na zuwa daga Bilma da Fashi, kanwa daga Manga. Ƙoƙon abin sha guda a gidan mai hali yana iya haɗa tsamiyar bayan gari da kayan yajin ƙasa uku.

Sukarin wancan zamani curi ne mai tsini, a naɗe cikin takarda, sai an sa guduma an fasa. Bayan ya yi watanni a bayan raƙumi, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Kayan gidan sarauta ne da na manyan attajiran Zango, abin kai gaisuwa da magani.

Zuwan Turawa ya juya wannan lissafi. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini da kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma tun daga nan kayan Turai suka daina ratso hamada, suka koma biyowa ta teku da jirgin ƙasa. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, aka mayar da shi Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan. Noman gyaɗa ya sa kuɗi a hannun manoman Magarya da Matamai da Mirriya, kantunan kamfanonin Faransa da na Kwara, wato Larabawa ƴan kasuwa, kuma suka cika da sukari, har mai ƙwaya na kwali irin Saint Louis. Shayi, wanda a da na Larabawa da Buzaye ne, ya shiga kowane zaure. Daga wajen Maƙarfi a ƙasar Zazzau mazarƙwaila ta riƙa zuwa, wadda ake matse rakenta da injin da doki ke juyawa. Mace ta duba ta ga abin da take wuni tana ƙona itace a kansa, ga shi a tebur ɗin mai shago. A hankali tukunyar maɗi ta sauka daga murhu a gidaje da yawa.

Wanda ya ci ribar arhar sukari shi ne zoɓo. Yakuwa tsohuwar shuka ce, mata ke sa ta a gefen gona tana nuna iyaka. Ganyenta na miya da kwaɗo, ƴaƴanta na daddawar batso. Jan ɓawon da ke rufe ƴaƴan kuwa, wato zoɓo, tsaminsa ya yi yawa, sai da sukari yake shiga, ko a sa ƴar kanwa ta kashe kaifinsa. Da sukari ya wadata, sai ya zama abin shan biki da suna da azumi. Ba a nan kaɗai ba: shi ake sha a Senegal da Masar da Sudan, har Meziko, wadda ke sayen busasshensa daga Nijeriya da yawan gaske. Kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Damagaram na cikin manyan wuraren da ake tara shi.

Wutar lantarki da leda suka ƙarasa sauran. Matar da ke cikin gida, in ta mallaki firigo, ta sami jari: ta dafa da dare, ta ƙulla, da hantsi yara su fita talla. Daga nan ake samun kuɗin adashi da na kayan ɗakin ƴa. A ƙauyukan da wuta ba ta kai ba, ƙanƙara ce ke zuwa daga birni a bayan babur, a lulluɓe cikin buhu da ƙaiƙayi. Shekarun baya-bayan nan da azumi ya faɗo cikin Afrilu da Mayu sun nuna yawan dogaron da aka yi da ita, domin kafin magariba neman ƙanƙara yakan fi neman nama. An ƙara gani lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina suke samun tasu. Abin shan da aka riga aka tsinka da ruwa, in babu sanyi, kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami.

A nan ne siro, wanda ƙungiyoyin mata ke koyon yi suna sayarwa a kwalba, ya nuna amfaninsa. A tafasa zoɓo ko tsamiya ko dakakkiyar citta da ruwa kaɗan, a jefa kanumfari da na'ana'a, a tace da kyalle mai tsabta, a zuba sukari kusan daidai da yawan ruwan, a mayar kan wuta har ya yi danƙo, a ɗura da zafinsa a kwalbar da aka dafa. Yawan sukarin ne ke riƙe ruwan da ke ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci su rasa abin rayuwa. Wannan shi ne ainihin abin da ke tsare maɗi a gora. Bambancin kawai, mai maɗi daga jikin ɗinya take samun sukarinta, mai siro daga shago. Dukansu sun fi garin ɗanɗano na ƴan fakiti da ya cika kasuwa, wanda launi ne da ƙamshi kawai. Abin kiyayewa shi ne ruwan da za a tsinka su da shi da tsabtar robar da za a zuba, don can cuta ke shiga.

Saura itatuwan. Farin 1973 da na 1984, da gatarin masu neman itacen wuta, sun yi musu ɓarna. Daga baya manoman Magarya da Matamai da Mirriya suka shiga barin tsiron da ya fito a gonakinsu suna yi masa sassabe mai kyau, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mafi yawansu gawo ne, sai kuka a kewayen Mirriya. A Zinder, kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda aka kafa a 2014, yana sayen ƴaƴan itatuwan daji irin su hanza da aduwa da magarya daga hannun matan karkara yana sarrafawa, abin da ya nuna akwai kasuwa.

Amma tsamiya da ɗinya da kanya ba sa dawowa da sauri kamar gawo. Suna shekaru kafin su fara haihuwa, awaki kuma ba sa barin ƙananansu. Yawancin manyan da ake kaɗa a yau kakanni ne suka bar su, tsofaffin da suka iya tace ɗinya su ma suna ƙarewa. Ya kamata magadan gari da sarakuna da jami'an gandun daji na Guna da maƙwabtanta su sa waɗannan itatuwa cikin dashen itatuwan da ake yi ranar 3 ga Agusta, a killace su har su fi ƙarfin dabba, ƙungiyoyin matan da ke koyar da siro kuma su nemo tsofaffin nan su koyar da maɗi tun suna da ƙarfin tsayawa a kan murhu.